Ka Zan Ce, Ko Ki?

Shekara ashirin da uku ina amsa Hurera,
alhali tun ina sha biyar muryata ta faɗa rijiya,
ta fito da kauri irin na Kawu Ɗahiru.
Na iya aske haɓa a ɓoye, bayan ɗakin girki,
da rezar da nake saye a Ƙofar Marusa
ina cewa ta yankan farce ce.
"Mata-maza," in ji masu layi a bakin famfo.
Kalmar ba ta da nauyi a bakinsu.
Ni ke ɗaukarta har gida.

Da Inna ta gaji da jiƙe-jiƙe da turare,
ta sayar da tumaki biyu,
muka hau a-daidaita-sahu sai asibitin koyarwa.
Na zaci likita ɗaya ne da wuƙa ɗaya.
Ashe taro ne.

Dakta Zulaihat ta fara, mai karatun sinadaran jiki.
Kwalba huɗu ta cika da jinina,
ɗaya aka tura nesa,
muka yi wata biyu muna jiran takarda ta yi magana.
Malam Tasi'u mai hoton ciki
ya shafa min man nan mai sanyi,
ya daɗe yana kallon allo kamar mai duban wata,
sannan ya ce a hankali, "Babu mahaifa."
Inna ta riƙe bakin gado.

Dakta Mannir bai taɓa jikina ba ko sau ɗaya.
Ya rufe ƙofa, ya ajiye biro, ya ce,
"Kafin mu fara: ka zan ce, ko ki?"
Duk tsawon raina
ba mahaluƙin da ya taɓa tambayata.
Na yi kuka har ya ƙarar da takardar goge hanci.
Laraba shida ina komawa
kafin ya yarda amsar tawa ce, ba ta tsoro ba.

Dakta Okon, likitan mafitsara,
Hausarsa ta kasuwa ce, amma zanensa ya fita.
A bayan katina ya zana hanyar fitsari:
nan za mu miƙe, nan za mu ɗinke,
aiki biyu, wataƙila uku,
ɗinki yana iya yoyo.
Haihuwa kuwa, ya buɗe tafin hannu, bai yi alkawari ba.
Don haka na yarda da shi.

Na ji su ta taga ranar zamansu, suna gardama.
Wannan ya ce a yanka a watan gobe,
waccan ta ce sai jini ya daidaita.
Ita ta ci.
Inna kuma nata likitan daban:
ta je wa Liman Sha'aibu da takardun a leda,
tana tambayar sahun salla da rabon gado.
Ya karanta, ya ce a bi abin da masana suka gani.

Ranar aiki wuta ta ɗauke, janareta ya karɓa.
Mai allurar barci, ido kawai na gani,
ta ce in ƙirga daga goma zuwa ƙasa.
A bakwai na tsaya.

Na farka da robar fitsari da ƙishirwa
a ɗakin maza, gado na tara.
Sista Talatu ce ta yi wannan faɗan tun da asuba,
ita ta ja layi a kan tsohon suna a fayil,
ba ta goge ba, ta ce shi ma ya yi aikinsa.

Inna ta sunkuyo da kofin ruwa.
"Sannu, Hure..."
Ta haɗiye sauran.
Ta dubi rufi, ta lalubo sunan mahaifinta:
"Sannu, Lawandi. Sha kaɗan."

Saura aiki ɗaya, bayan Babbar Salla.
Saura layin famfo, wanda ba shi da likita.
Katin yana aljihun sabuwar rigata,
zanen Dakta Okon ya fara koɗewa.