Mai Wankin Bututu

Ƙarfe biyun dare a Trabzon,
ruwan sama na dukan tagar ɗakin wanki.
An miƙo min bututun nan mai ido,
fitowarsa ke nan daga maƙogwaron Doruk,
ɗan shekara biyu
da ya zaci batirin agogon kakansa alewa ne.

Ban ga fuskarsa ba.
Kukan uwarsa kaɗai ya ratso bango.

Buroshi cikin kowane lungu,
kumfa, ɗauraya,
sai jiƙo a magani.
Likita Sevgül na ƙwanƙwasa ƙofa:
"Nurten, wata ta haɗiye fil!"

Na dubi agogo. Saura minti huɗu.
Ciwon wani ba zai bi ta hannuna
ya shiga cikin 'yar mutane ba.

Saura uku.