Rabin Buta

Kwana uku a Katsina, otal ɗin bayan Ƙofar Ƙaura.
An rataya mana sunayenmu a wuya
kamar awakin da za a kai kasuwar Charanci.
Ruwan gora a gaban kowa, alewa biyu a faranti,
majigi na haska talauci a bango
da launin shuɗi da ja.

Na yi magana minti ashirin.
Na ce masu ruwa da tsaki, na ce ci gaba mai ɗorewa,
na ce kashi sittin da biyu cikin ɗari,
ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.
Aka tafa. Tafin taro, yayyafi a kan kwano:
ƙara da yawa, ƙasa a bushe.

Lokacin shayi muka yi ta musayar kati.
Mai gaishe ka na riƙe da hannunka,
idonsa na bisa kafaɗarka
yana laluben wanda ya fi ka.
Ni ma haka na yi, ba zan ɓoye ba.

Waya kuwa tana ta rawa a aljihu.
Barira, 'yata, kwananta huɗu a gadon asibiti,
zazzaɓi ya ƙi sauka.
Mutum arba'in suka ce mini, "Ya gida?"
Sau arba'in na ce, "Lafiya lau."

Rana ta biyu, gab da azahar, aka ɗauke wuta.
Janareto ya yi tari uku, ya yi shiru.
Talaucin bango ya ɓace,
muka fito da zufa kamar sauran mutane.

Famfo ya ƙafe. Ƙarƙashin bedi buta ɗaya ce,
tana hannun wani dattijo
da katinsa ya juya baya a ƙirjinsa.
Ya girgiza ta kusa da kunne, ya auna,
ya ce, "Za ta ishe mu in ba mu yi gaggawa ba."
Ya tsiyaya mini a tafi kaɗan-kaɗan,
hannun da ya san tsadar ruwa.

Malam Tanimu, daga Kaita, mai gyaran tuƙa-tuƙa.
"An ce in zo don hoto ya cika," ya ce, yana dariya.
"Turancin ya wuce ni, amma shinkafar ta yi daɗi."
Sai ya dubi yatsuna suna karkarwa cikin ruwan.
"Kai, hankalinka ba ya nan. Wa ka baro?"

Ban san lokacin da na faɗa ba.
Na faɗi allurar, na faɗi ƙarin ruwan,
na faɗi yadda take kiran sunana cikin barci.
Bai ce mini komai zai wuce ba.
Ya ce nasa Habu ne, shekara shida ke nan,
a kan babur, kafin su kai gari.
Muka zauna. Kurciya na kuka a bisa katanga.
Ya ɓara goro, ya ba ni ɓarin da ya fi girma.

Ba shi da kati.
A bayan tikitin abinci na rubuta masa lambata,
ya naɗe ya tura cikin hula.
"Wayar ta maƙwabcina ce, amma zan nema."

An dawo da wuta, aka koma, aka cimma matsaya
mai shafi tara. Tana cikin durowa
tare da katunan nan, ɗaure da roba.

Bayan sati uku, da hantsi,
baƙuwar lamba, iska na kaɗawa, ƙarfe na ƙara,
wata murya ba "Ranka ya daɗe", ba gabatarwa:
"Mai buta ne. Ya jikin Barira?"

Tana tsakar gida tana korar kaji.
Na miƙa mata wayar.