Cokalin Farko

Shekara talatin da huɗu
ni ke ɗanɗana cokalin farko,
kafin rana ta leƙo daga teku,
kafin tattabarun dandalin Acireale
su gama gardamarsu ta asuba.
Lemun tsami daga gonar surukina,
sukari, niƙaƙƙiyar ƙanƙara:
giranita ke nan, ita ce rufin asirinmu,
ita ta kai yara uku makaranta.

Wata Talata cikin Agusta
cokali ya taɓa haƙorin gefe,
sai walƙiya ta shiga ta ƙasa
ta fita ta bayan ido.
Na dafa kanta, na yi wa ƙanƙara zagin
da ban taɓa yi wa mutum ba.
Daga nan kofi mai zafi ya juya mini baya,
iskar da ke saukowa daga Etna ma
sai na rufe baki in za ta wuce.

Venera ta ce, "Alfio, tun da Saro ya koma Torino
kake niƙa haƙora cikin barci,
kamar injin shago ya biyo ka gado."
Na musa. Wa ya taɓa jin munsharin kansa?

Likita Pulvirenti, wadda na sha ba wa
giranita kyauta tana 'yar firamare,
ta haska bakina, ta girgiza kai.
"Ƙanƙara 'yar aike ce, Baba, bar zaginta.
Tsami ne ya lashe sulken haƙoran
sannu-sannu, yadda teku ke cin dutse.
Kai kuma ka bi shi da buroshi mai tauri
kana dirza kamar mai kankare tukunya,
dasashi ya ja baya, saiwa ta fito fili,
'yan ƙofofi sun buɗe har zuwa jijiya."

Ta ce in sayi buroshi mai laushi,
in riƙe shi kamar alƙalami.
In na sha tsami, in kurkure da ruwa,
in jira sa'a guda kafin in goge.
Ta ba ni makilin mai toshe ƙofofin,
in tofar, kada in wanke, ya kwana a wurin,
da wata roba da zan sa da dare.
Venera ta yi dariya har da hawaye.

Mako shida kafin zogin ya sassauta.

Yanzu jikata Nerina ke ɗaukar cokalin farko.
Ta lumshe ido, ta tsuke baki,
ta ce, "Kaka, sukarinka ya yi yawa."
Shekara talatin da huɗu
ba wanda ya gaya mini!
Na rage rabin ludayi, ina gunaguni.
Nawa cokalin ina ajiye shi gefen kanta
ya narke tukuna,
sannan in ɗora shi can tsakiyar harshe,
nesa da haƙorin da ke da ƙorafi.

Yarinyar tana da gaskiya.
Ban faɗa mata ba.