Ƙwaya Hamsin

A Fort Collins, gindin duwatsu masu farin rawani,
akwai rumbun da ba a gina da laka ba.
Ba jinka, ba tsani, ba ɓera.
Riga uku nake sawa kafin in shiga,
hanci ya daskare, biro ya ƙi rubutu,
Ignacio na ƙirga min mintoci ta gilashin ƙofa.

Ran Talata aka ba ni ƙunshi talatin in gwada.
Na sha tara ne ya tsayar da ni.
Ƙaura, aka rubuta, ko lanƙwasar ƙa ɗin babu.
Tsanyawa. Shekarar da babata ke goye.
Sunan wanda ya karɓo yana nan, har da lamba.
Na wanda ya bayar fa?
Wa ya hau rumbu ya zaro zangarniya
ya miƙa wa baƙo mai littafi,
ya ce a gaida mutan gida?

Na jera ƙwaya hamsin a jiƙaƙƙiyar takarda,
na naɗe kamar tabarma,
na sa a ɗumi, na ce bismillah a ciki.

Da dare na kira Kawu Nomau.
Kuna shuka jar nan mai dogon wuya?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Damina ta gajarce, 'yar nan,
wa zai jira ta wata biyar?
Mai saurin nuna muke saye a kanti.
Sai ya yi shiru, ina jin kukan akuya.
Amma ɗumamenta, ya ce,
ɗumamenta fa.

Kwana bakwai na warware.
Arba'in da ɗaya sun tsage,
farar saiwa tana lalube
kamar mai neman takalmi a duhu.
Tara ba su amsa ba.

Tamanin da biyu cikin ɗari, in ji Ignacio,
lafiyarta lau, mayar da ita sanyi.
Na mayar. Aikin ke nan, kuma ba na raina shi:
da tsohuwar zuma ake magani,
ranar da cuta ta ci gonakin duniya
nan za a zo ana ƙwanƙwasawa.

Sai dai irin da bai san tsawa ba,
bai san ƙafar da ke rufe rami ba,
yaya zai koyi sabuwar damina?

Na ɗauki takardar neman iri.
Adireshi: Tsanyawa, bayan makarantar firamare.
Wajen dalili
na daɗe riƙe da biro.
Na rubuta: ɗumame.