Ɓarin Jarka

Masaukin baƙi ya koma kamar kwalin ashana
da muka bar turbar mutane, ni da Tanimu,
muka bi ta awaki.
Ƙaya ta karɓi kuɗin shiga a ƙaurina.

Tun hantsi muke hawa, Riruwai tana ƙanƙancewa.
Azahar ta riske mu a ƙoli,
ruwan gora bai isa alwala ba.
Taimama, sai ƙuli ɗaya, rabi-rabi.

Ga falalen dutsen nan, sumul kamar bayan tulu.
Tanimu ya miƙo min ɓarin jarka:
"Zauna. Kar ka ja birki da dunduniya."
Na ja.

Hawan rabin wuni,
saukar ko Fatiha ban idar ba.
Takalmina na hagu yana can sama har yau,
yana kallon gari.