Takarda Daga Tiribinal

Wuta ta ɗauke tun la'asar.
Na kunna tocila, na shimfiɗa takardar a cinyata,
tawadar hatiminta ko bushewa ba ta gama ba.
Kaziye suke ce mata a tiribinal.

Ma'azu ɗan Kara-Kara ne ya kawo ta,
ya riƙo da hannu biyu kamar mai miƙa ƙwai.
Gadin dare yake nema
a gidanmu na kurame, nan bayan Birni,
yara ashirin da bakwai
waɗanda in an taɓa su cikin duhu
ihunsu ba shi da kalma.

Layi ɗaya ne a jikinta:
wata takwas a gidan kaso,
faɗa, da karayar hannun wani.
Shekararsa goma sha tara a lokacin,
cikin samarin da ke ɗaga ƙarfe a gindin dutse,
suna amsa sunayen da ba a yanka musu rago ba.
Yau furfura ta fara leƙowa a gemunsa.
Bai ce sharri aka yi masa ba.
Cewa ya yi: "Inna Habsu, ni ne. Karanta."

Na karanta. Sai wata takardar ta faɗo mini a rai.

Fara ce sol, kamar nonon safe,
ba ɗigo, ba layi.
Mai ita gaisuwarsa har ƙasa,
murya ƙasa-ƙasa, tufafi tsaf.
Shekara biyu makullinmu na rataye a wuyansa.
Sai Fanna, 'yar shekara tara,
ta daina taɓa tuwo,
ta koma kwana a bayan randa.
In inuwarsa ta faɗo tsakar gida,
yatsunta, da ba sa gajiya da hira,
sai su dunƙule.
Da muka farga, dangi suka ce a rufa,
kada a ɓata wa yarinya gaba.
Ya ɗaure kayansa a bayan kabu-kabu, ya tafi.
Duk inda yake a daren nan
takardarsa tana nan fara.

To ke takarda, me kika sani?
Abin da ya shiga kunnen alƙali kika haddace.
Abin da aka binne a zaure
ba ki da hancin shinshino shi.
Amma ban raina ki ba.
Rariya ce ke, ƙaiƙayi kan zille miki,
tsakuwa kuwa kina tare ta,
kuma wanda haƙorinsa ya taɓa karo da tsakuwa
ba ya jefar da rariya.

Gobe da hantsi zan je Kara-Kara.
Zan zauna da matarsa, in kalli yadda 'ya'yansa
ke yi in ya ɗaga hannu zai sosa ƙeya.
Zan bi ta Kasuwar Dole in nemi Tanimun tela,
mai hannun da aka karya,
in ji ko har yanzu yana masa ciwo in damina ta yi,
in ji ko suna gaisawa.

In zuciyata ta kwanta,
ba dare ba tukuna.
Ruwa ne matsalarmu, kamar kowa a Damagaram.
Ya turo mana kura da jarkoki da rana tsaka,
ƙofa a buɗe, Kyari mai dafuwa na tsaye.
Makulli dai yana nan a haɓar zanena.

Fanna ta kai sha huɗu bana.
Ranar da zai fara shigowa
ba fuskarsa zan duba ba,
yatsunta zan duba.

Tocila ta fara lumshewa.
Akawu ya ce wata uku ne ran takardar nan,
bayan su sai a nemi sabuwa.
Tawa ma, da na lissafa,
ta mutu tun bara,
kuma ba wanda ya tambaye ni.
Jibi zan bi layi in sayi tambur.