Injin Tur Ya Sauka a Mokoyo

Mu shida muka sauke shi daga kamyo,
Lawali ya kusa barin yatsa ƙarƙashin katako.
Adashen shekara tara
ga shi tsaye, kore shar, yana warin giris.

Ban kunna ba.
Na jiƙa tsumma da gazuwal,
na goge gadonsa lungu-lungu
kamar wankan jinjiri.

Sai nibo.
Ƙwayar iskar ta ƙi zama tsakiya,
ta karkata wajen shagon Nomau mai walda.
Na cusa gutsuren gwangwani ƙarƙashin ƙafa ɗaya,
na ɗaure noti, na kwance, na ɗaure,
har aka kira la'asar.

Na ɗiga mai a kowace kafa,
na juya da hannu, na kasa kunne.

Sai aka ɗauke kuran.
Muka sha shayi muna kallonsa.

Bayan isha'i wuta ta dawo.
Bisimilla.
Haƙori ya taɓa ƙarfe,
zare ya fito yana murɗewa, shuɗi.
Da ya huce na sa shi aljihu.
Gobe zan kai wa Baba a maƙera,
shi da ya ce ƙarfe ba ya jin magana
sai ya ga gawayi.